Rasuwar 'Yar Lukuta, Tukunyar Shinkafarmu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar tukunyarmu ta lantarki mai dafa shinkafa, wadda muka fi sani da 'Yar Lukuta. Ta bar zobe a kan kantar kicin, daidai faɗin gindinta, wurin ya fi ko'ina haske. Na ɗauko tsumma zan goge, sai na fasa.

Marigayiya ta shigo rayuwarmu a watan da Yaya ta karɓi albashinta na farko, muka kama hayar ɗaki da falo a saman bene mu biyu, ita tana aikin ofis, ni ina ƙarasa jami'a. Yaya ce ta rungumo ta tun daga bakin titi har sama, tana haki tana dariya. Fara ce, gajera, mai faɗin ciki, kuma duk zamanta da mu ba wanda ya taɓa ce mata ta rage jiki.

An shaide ta da haƙuri da cika alkawari. Ba ta da yawan magana. In ruwa ya fara tafasa sai ta ce ɓul-ɓul-ɓul. In aiki ya yi nisa, murfinta ya kama kaf-kaf-kaf. Daga ƙarshe maɓallinta ya yi tsalle, ƙyas, jar fitila ta koma ruwan ɗorawa. Da haka take cewa ya isa. Da mun ji, sai mu sauko da ita tsakar falo mu sa ta a tsakiya. Yaya ta kankare ƙanzo, don nata ne tun fil azal, tana kwaikwayon tafiyar manajansu da cokali a hannu. Ni ba mai magana ba ce, kowa ya sani. A gaban tukunyar nan kaɗai ake jin muryata.

Rashin lafiyar marigayiya ya samo asali ne daga wata ziyara da muka kai gida. A gaban mutane Gwaggo ta kama damtsen Yaya ta matsa, ta tambaye ta ko albashin ofishin gaba ɗaya ita ake ba. Aka yi dariya. Yaya ta fi kowa yi.

Cikin makon sikeli ya shigo ɗakinmu. Bayansa sai wani zaure a waya, inda mutanen ciki suka yi ittifaƙi cewa sitaci ne abokin gaba. Yaya ta yanke hulɗa da shinkafa da burodi da taliya da dankali. Har ayaba ba ta tsira ba. Aka bar nama da ƙwai da kitse.

Ba zan yi ƙarya a sanarwar mutuwa ba: nauyin ya sauka, da sauri kuwa. Tela ya rage mata riguna. Gwaggo ta bugo waya tana sa albarka. Sai dai masu yabon ba ɗaki ɗaya suke kwana da ita ba. Ni ke ganin gashin da ke maƙalewa a mataji. Ni ke jin lokacin da jijiyar ƙafarta ta ɗaure tana cije baki. Na san ciwon kan, da daɗewar da take yi a banɗaki, da cingam ɗin da ba ta rabuwa da shi don ɓoye wani wari da bakinta bai taɓa yi ba. Na ga yadda ta fara dafa bango in za ta hau benen da ta taɓa hawa da tukunya a ƙirji. Kwaikwayon manaja kuwa, ban sake gani ba.

Ranar da jiri ya zaunar da ita a ofis aka kai ta asibiti. Likita bai hana ta rage sitaci ba. Ya ce mutane da yawa na amfana da hakan, amma da awo, da ganye, da ruwa, kuma ta dawo a duba jininta. Ba ta koma ba. 'Yan zaure sun ce mata jirin alama ce aikin yana ci.

Da farko na ci gaba da dafa kofi ɗaya don kaina. Amma da ƙamshi ya tashi sai Yaya ta fita baranda ta ja ƙofa, in zauna ni da tukunya muna kallon juna. Na daina. Na koma ci a waje, a tsaye, kamar marar gida.

Yaya ba ta yi watsi da marigayiya ba, a shaide ta a kan wannan. Ta koma soya ƙwai da nama mai kitse a cikinta, don cikinta ba ya kamu. To amma ba a yi ta don suya ba. Ba ruwa, ba shinkafa, da zafi ya hau sai ta ce ƙyas, tun naman bai nuna ba. Yaya ta danna, tukunyar ta sake cewa ƙyas. Sai Yaya ta samo dabara: ta cusa hannun cokali ta tokare maɓallin, yadda ba zai iya tashi ba. Jar fitilar ta zauna ja. Haka aka yi ta yi kowace safiya, kicin yana ɗan warin wayar wuta mai ƙuna, har safiyar da wani siririn hayaƙi ya fito ta ƙarƙashinta. Abin da ta faɗa na ƙarshe shi ne tsss. Mai gyara ya buɗe ta ya rufe, ya miƙo mini ita da hannu biyu.

Ta rasu ta bar kofin awo, da cokalin roba, da igiyar wuta wadda lafiyarta ƙalau amma ba ta da wanda za ta riƙe, da rabin buhun shinkafa da ƙwari suka fara yi wa ta'aziyya. Ta kuma bar mu biyu. Ba na ɗora wa kowa laifi. Na dai ga ƙarshen abin da ya yi ta cewa ya isa ana tokare shi, kuma 'yar uwa ɗaya gare ni.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, lokacin da mai sayen tsofaffin ƙarafa ke bi ta layinmu. Gawar tana bakin ƙofa, a cikin kwalin da ta zo da shi. Ba sai an kawo abinci ba. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa, don Allah kada kowa ya ce wa Yaya ta yi kyau da ta rame. Gwaggo na iya yin tata ta'aziyyar daga inda take.

An samu ɗan canji a kayan da za a binne. Ina cikin jera su a kwali ɗazu Yaya ta fito da shirin ofis. Ta daɗe a tsaye a kaina. Sannan ta dafa bango ta sunkuya, ta zaro kofin awon, ta hure ƙurar cikinsa, ta shiga kicin ta ajiye shi a tsakiyar zoben nan. Ta rataya jakarta ta fita. Na kasa kunne ina bin takunta a bene, har sai da na ji ta sauka lafiya.