Ashe a Ƙasa Mai Araha Nake Zaune

Ranar Talata na yi awa biyar a layin mai da tsohon babur ɗina. Saura mutum uku a gabana aka ce mai ya ƙare. Na turo babur ɗin har gida, ina shiga na tarar da mai gidan da nake haya a tsakiyar falona, ya ɗora ƙafa kan kujerar marigayiya matata, yana auna bango da tef.

Na ce, "Alhaji, kabari ake auna mini?"

Ya ce, "Haba Malam, fenti za a yi. Littattafan nan ma a ɗan rage su, sun cinye wuri."

Shekarata ashirin da shida a gidan nan, bangon bai taɓa ganin fenti ba. Ko ba a faɗa ba, na san ba don ni za a yi ba.

Ga yadda abin ya faro. Wata huɗu da suka wuce wani baƙo daga ƙasa mai nisa ya kama ɗakunan da ke samana. Unguwa ta laƙaba masa Mai Gajeren Wando. Mutumin kirki ne, ba ni da ƙorafi a kansa. A kwamfuta yake aiki, ana biyansa da kuɗin ƙasarsu, irin wanda in ka canza guda ɗaya sai an nemo maka leda. Ni kuwa ina jin harshensu, a littafi na koya tun ina aikin koyarwa, don haka na zama tafintansa wurin mai wanki da mai gyaran famfo.

Shi ya fara sanar da ni cewa a ƙasa mai araha nake zaune. A can, in ji shi, albashinsa ɗaki ɗaya yake iya kama masa, tagar ma bango take kallo. A nan yana da ɗaki uku, da mai dafa abinci, da direban da ke bin layin mai a madadinsa. Ranar da ya je asibiti, ranar likita ke ganinsa. Ya tambaye ni me ya sa mutanen nan ke yawan ɓata rai a cikin wannan ni'ima. Na ce masa gado muka yi.

Na yi nazari, duk gaskiya ya faɗa. Zama a ƙasa mai araha akwai daɗi. Sharaɗin guda ne, kada a haife ka a cikinta.

Manyanmu, Allah ya ƙara musu hutu, sun riga mu fahimta. Mai Girma Uban Alkawura ya fito a rediyo ya ce karyewar kuɗinmu nasara ce, tunda baƙi na ta tururuwa. Ranka ya daɗe, mun gode, da mun ɗauka kuskure ne, ashe tsari ne. An kafa kwamitin tarbar baƙi, an saya masa mota goma sha biyu, 'yan kwamitin sun tafi ƙasashe shida nazarin yadda ake rayuwa cikin sauƙi. Huɗu ba su dawo ba har yau. Da alama sun gano.

Mai wanki ya tare ni ya ce, "Malam, ni fa ban gane ba. In ƙasar ta yi araha, me ya sa sabulu ya fi ƙarfina?"

Na ce, "Ba sabulun ne ya yi araha ba. Kai ne."

To, abokan Mai Gajeren Wando su biyu sun ji labari sun taho, falona kuma shi Alhaji ya zaɓar musu. Ƙarshen wata ya ba ni. 'Yata ta ce in koma wurinsu, gidan surukina wanda na taɓa gani ya tokare ƙofa da ƙamus.

Ranar Alhamis Alhaji ya kawo su ganin wuri. Babu mai fassara sai ni, don haka da bakina na yi tallan ɗakin da za a kore ni daga ciki. Muna cikin haka Mai Gajeren Wando ya sauko, ya tambaya ina zan koma. Na faɗa masa. Ya juya ya yi wa Alhaji dogon bayani.

Alhaji ya ce, "Me yake cewa?"

"Ya ce in na tashi, babu mai yi musu magana da mai famfo, don haka su uku za su nemi wani gidan."

"Ka tabbata haka ya ce?"

"Ko in sake fassarawa a hankali?"

Bai nemi ƙari ba. Ɗakunan ƙaninsa da ke baya ya ba sababbin baƙin, ƙanin ya koma shago. Ni an bar ni da bangona babu fenti.

Jiya da safe na ga an kafa allo a ƙofar gida: ɗakuna na haya ga baƙi, akwai ruwa, akwai janareta, akwai tsoho mai jin harshe. Shekara talatin marigayiya tana gaya mini karatun nan ba zai taɓa sa mana rufi a ka ba. Da tana nan, da na jawo ta ƙofar gida ta karanta da idonta. Sai dai na san ta. Cewa za ta yi, ko a allon ma janareta ya riga ka.