Ranar da Na Ba Baffa Ari Miya a Kofin Shayi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Baffa Ari ya fara cin abincin hannuna ba, kuma ko na so in manta, dangin mijina ba za su bar ni ba.

Bari in fara da faɗin laifina. Ni mace ce mai son girkin ƙasashen waje. A Damagaram na tashi, aure ya kawo ni Gure, kuma tun da na samu salula mai nuna bidiyo na zama abin da na zama. Shinkafar Sanagal mai kifi, shawarmar Labanan, kuskus ɗin Maroko, taliyar Italiya iri-iri, babu wadda ban gwada ba. (Ta Sin ma na gwada, da tsinken tsire guda biyu. Kada ku tambaye ni yadda aka ƙare.) Ƙawayena suna yabawa, ni kuwa sai hura hanci nake yi.

Baffa Ari wan mahaifin mijina ne, shi ya riƙe shi tun yana ƙarami. Makiyayi ne a Alakos, can cikin daji nesa da Gure, ba ya shigowa gari sai da dalili. Lokacin aurenmu an tsegunta mini abin da ya ce: ƴar birni ba ta iya riƙe gida. Shekara takwas maganar nan tana cina a rai. Saboda haka ranar da maigida ya kira ni daga Damagaram, inda aiki ya kai shi, ya ce Baffa zai kawo awaki kasuwa kuma zai biyo gida da rana shi da wani abokinsa, sai na ce a raina: yau ƴar birni za ta wanke kanta.

"Ki yi masu tuwo kawai, da nama," in ji maigida.

"Ka bar mini wannan," na ce. (Da ma na ji maganarsa.)

Matar da nake kallon bidiyonta ta koya mini cewa abincin manya hawa-hawa ake kawo shi. Da farko ɗan abin buɗe ciki, sai babban abinci, sai kayan zaƙi. Na tsara harira, wata miyar Maroko mai ruwa-ruwa da ɗan wake. Bayanta lazanya, wato taliya mai faɗi da ake jerawa da niƙaƙƙen nama a gasa. Cukun Turawa babu shi a Gure, sai na jiƙa namu na gurza. Na ƙarshe kuma gato, wato kek, mai lemo. Tun da hantsi nake kai da kawowa, gumi har cikin ido.

Bayan azahar suka yi sallama, suka zauna a zaure. Na sa hijabi, na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe su, kaina a ƙasa. Sannan na tura tire gabansu: harira a wasu ƴan kofuna masu zanen zinariya da aka ba ni lokacin biki, yankan burodi bibbiyu, da dabino uku-uku. Matar bidiyo ta ce kada abin farko ya cika ciki, ni kuma na bi umarninta sau da ƙafa. Ban ce masu akwai saura ba. Suruka ba ta tsayawa surutu gaban suruki, sannan, gaskiya, so nake in ba su mamaki.

Ina madafa ina leƙen lazanya sai na jiyo muryar Baffa daga zaure: "To, ƴata, mun gode. Allah ya yi albarka."

"Amin, Baba!" na amsa, har da murmushi. Na ɗauka yabon miyata yake yi. Na ce a raina, tsoho, ai ba ka ga komai ba tukuna. Na ƙara ba lazanya lokaci don samanta ya yi ja yadda na gani a bidiyo.

Da na fito da ita, zaure wayam. Ba takalma, ba sanduna. Kofunan an shanye tas an jera su a kan tire. A gefe kuma ga dabino biyu da suka rage wa yara. Dabinon nan biyu su suka fahimtar da ni abin da na yi. Mutanen nan sun taso daga Alakos tun asuba, sun yini cikin ranar kasuwa, na ba su miya a kofin shayi, sun ɗauka shi ke nan abincin gidan, har suka rage don kada ƴaƴana su rasa.

Na juye lazanya a kula, na rufe ta cikin hijabi, na nufi tasha kamar wadda aka koro. Motarsu ba ta cika ba. Wani direba ya nuna mini rumfar Ya Falmata, mai sayar da abinci a bakin tasha. A nan na ja birki, don ba sau ɗaya ba na taɓe baki a gidan suna na ce girkinta abincin direbobi ne, kuma Gure ƙaramin gari ne, magana ba ta ɓata.

Ga su nan kan benci, hannun riga a naɗe, suna kai loma. Burabusko ne da miyar yakuwa, ga nama zuƙu-zuƙu. Baffa ya ɗago ya gan ni. Kafin in buɗe baki ya ɗaga hannu.

"Ƴata, ba sai kin ce komai ba. Mun gani."

"Baba, ai dama..."

"A'a. Abin da gida yake da shi, shi ake ba baƙo. Kin kawo ɗan abin da ya rage maki, kin zuba a kwanonki mahi kyau, ba ki yi ƙorahi ba. Shi yaron nan mijinki me ya hana shi gaya mini halin da kuke ciki?"

Abokinsa ya girgiza kai. "Wake ma ƙirga shi ake yi cikin ruwan. Allah sarki."

Ku duba halin da nake ciki. Kula mai zafi tana ƙona mini ciki ƙarƙashin hijabi, cike da nama. In na fito da ita gaban direbobi da fasinja, me zan ce? Ina da nama na ba surukina ruwan wake? Ko in ce masa shi ne bai san yadda ake cin abinci ba, ya tashi tun ba a gama ba? Na tsaya ƙiƙam, na ƙara matse kular, hawaye suka zubo mini. Na kunya ne da na ƙuna, amma Baffa ya ɗauka na yunwa ne.

"Falmata," ya ce, "zuba mata mai yawa ta kai wa yara."

Ya Falmata ta dube ni, ta dubi tudun da ke ƙarƙashin hijabina, ta shaƙi iska. Mai girki ba a ɓoye mata ƙamshin nama. Ta cika kwano, ta ɗora tsoka biyu a kai, ta miƙo mini, ta rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Ga shi, Madam. Na direbobi ne, a yi haƙuri da shi."

Da hannu ɗaya na karɓa, don ɗayan yana riƙe da asirina. Haka na ratsa gari na koma gida, abincin Italiya a ɓoye, sadaka a fili. Yara suka dawo daga lakwal, wato makarantar boko, suka cinye burabuskon har suna suɗe kwano. (Ni ma na ɗanɗana. Ya fi lazanyata daɗi, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo.)

Bayan mako ɗaya mota ta tsaya ƙofar gida da buhun hatsi, da tulun man shanu, da akuya mai ba da nono, duk saƙon Baffa. Maigida ya sha faɗan Baffa a waya kan barin iyali da yunwa. Da ya dawo na gaya masa gaskiya, dariya ya yi har ya zauna ƙasa, sannan ya ce in na kuskura na faɗa wa Baffa, kunya za ta hana tsohon sake taka gidanmu. Sai muka yi shiru.

Yanzu in baƙo ya zo, komai da na dafa a lokaci ɗaya nake dire masa, har tukunyar in ta kama, kuma in faɗa da ƙarfi cewa akwai ƙari. A Alakos kuwa, an ce da ni ake yi wa amare misali. Babu wanda ya taɓa cewa na iya girki. Cewa ake yi su yi koyi da ni, matar da ta sha yunwa a gidan miji ba ta gaya wa kowa ba.