Rasuwar Gurnani, Akwatin da Baba Ke Ji da Ƙafa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da falon da ya yi tsit kamar an yi ƙaura, Tela mai shago a bakin layi, a madadin mahaifinsa da mai ɗakinsa, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar Gurnani, akwatin sautin nan da ke zaune ƙarƙashin talabijin ɗinsu. Ya cika ranar Lahadi da yamma ana tsakiyar kallon fim, bayan jinyar da ta gagari duk wanda ya sa hannu.

Wanda bai san gidan ba zai ce ai akwati ne kawai. Mahaifin Tela, wanda kowa ke kira Baba, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gaban injin niƙa, har injin ya cinye masa kunnuwa. In an zauna kallo, sai dai ya ga bakuna na motsi, kowa na dariya, shi kuwa ya yi murmushin kara ya tashi ya shige ɗaki. Wata rana babbar mota ta ratsa layin, taga ta karkaɗa, Baba ya ɗago kai ya ce, "Wannan kam na ji ta." A ƙirjinsa ya ji ta. Tela ya riƙe maganar. Ya je kanti ya tambayi farashin irin akwatin da ke girgiza ɗaki, aka faɗa masa, ya yi godiya ya fito a hankali.

Don haka marigayi bai fito daga babban gida ba. Lasifikarsa, mai faɗin faranti, daga bayan wata motar da ta yi hatsari aka ciro ta. Jikinsa ƙofar tsohon kabad ce, kafintan layi ya yanka ya huda. Cikinsa audugar matashin kai, wanda har yau mai ɗakin Tela ba ta yafe ba. Hancinsa guntun bututun ruwa. Tela ya bi kowace kafa da gam don kada iska ta tsere, ya lulluɓe shi da baƙin yadin da wani ya kawo ɗinkin wando bai dawo ba. Aka jona shi da amfilifaya, na'urar ƙara sauti, ta wata tsohuwar rediyo. Ranar farko ya ce "fyaaat", kamar agwagwa. Aka kwance, aka sake. Rana ta biyu ya ce "dummm", kofuna suka yi rawa a kan kanta, Baba ya cire takalmi ya ɗora tafin ƙafarsa a kan akwatin, bai tashi ba har fim ya ƙare.

Marigayi mai nutsuwa ne, ba ya shiga maganar da ba tasa ba. In 'yan fim na hira, shiru yake yi. Amma in hadari ya taso, ko jirgi ya tashi, ko gini ya rufta, sai ya yi gyaran murya, "gurrrr", har maƙwabci ya buga bango. Ta dalilinsa Baba ya koma zama cikin mutane, har yana rigan kowa sanin cewa mugu na tafe.

Ciwon ajali ya fara ne daga robar bakin lasifika. Ta tsage, muryarsa ta shaƙe, "dum" ya koma "faf-faf". Tela ya yi abin da ya iya, ya ɗinke da zare mai laushi, ya manna ƙyalle. Ya ɗan samu sauƙi. Sai dai abin da ke cinye Gurnani ba roba ba ce. Jin Baba na ƙara ja baya, hannun tsohon kuma na ƙara murɗa ƙarar sama. Mai gyaran rediyo ya naɗa sabuwar waya a ciki, ya kuma yi gargaɗi cewa in ba a sassauta masa ba, ba zai kai ko'ina ba. Tela ya sha miƙa hannu zai rage, sai ya ga fuskar tsohon ta yi haske, ya janye hannun ya sosa ƙeya. Ya san inda za a ƙare, yana zaune yana kallo.

Ranar Lahadin, dutse mai aman wuta ne ya fashe a fim. Gurnani ya ɗauko numfashi, ya ce "guuu", bai ƙarasa ba. Aka ji "kyat". Ƙauri ya cika falon. Baba ya ƙara danna ƙafarsa, ya jira, sannan ya dubi ɗansa.

"Kai Tela, ni na kashe shi ko?"

Tela ya girgiza kai da ƙarfi don tsohon ya gani. Mai gyara da ya zo ya sunsuna lasifikar, ya mayar da sukundirebansa aljihu, ya ce a yi haƙuri. An zaga wajen masu tsofaffin motoci, ba a samu irinta ba.

Ya rasu ya bar talabijin mai siririyar murya, da ƙananan lasifiku biyu da ba su taɓa motsa ko labule ba, da rimot mai ɗaure da roba, da maƙwabcin da ya shigo da kansa yana tambaya ko lafiya ya ji shiru. Ya kuma bar Baba, wanda ya koma shiga ɗaki da wuri.

Za a fitar da gawar ranar Asabar da hantsi. Kafinta zai karɓi katako, mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo da baro ya ɗauki sauran. Maganaɗisun lasifikar kaɗai za a bari a shago yana tsince allurai. Ana karɓar gaisuwa a falo. Iyali na roƙon masu zuwa da kada su ɗaga murya, ba ta da amfani. A zauna daidai gaban Baba inda zai ga baki, a yi magana a hankali, kuma don Allah kada a yi gaggawar tashi.