Telan da Ya Yi Kiwon Rina

"Kiwon zuma? Ni da na yi kiwon tinkiya har ta haifi 'yan uku?"

Haka wani tela ya faɗa a gaban surukinsa, yana buga ƙirji. Shi kuwa surukin tari ke damunsa, kuma tun ranar ɗaurin aure bai taɓa ganin abin kirki a hannun telan ba. Tela ya rantse cikin wata guda zai kawo masa zuma daga bayan ɗakinsa.

Ya je wurin wani tsoho mai zuma ya sayi amya, wato gidan da ƙudan zuma ke shiga. Tsoho ya ce, "Ɗana, ka rataye ta a bishiya, ka yi mata turare da..."

"Baba, bari! Wa za a koya wa turare?"

Tsoho hayaƙin itace yake nufi. Gogan naka ya isa gida, ya juye wa amya kwalbar turaren matarsa kaf. Ya kafa turke ya ɗaure ta kada ta ɓata, ya ajiye dusa da ruwa a gefe.

Kwana uku, ƙudaje suka yi dandazo a kan dusar.

Matar ta ce, "Maigida, waɗannan ai ƙudan bola ne."

"Ke ba ki san lissafi ba. Sunansu ƙudan zuma. Ƙuda ya iso, saura zuma."

Ana nan sai wasu jajaye masu siririn ƙugu suka tare a ciki.

"Maigida, rina ce fa!"

"Rinar gidanku! 'Yan ƙasar waje ne, dubi tsayinsu."

Da wata ya cika, ya gayyato suruki, ya shimfiɗa masa tabarma dab da turke, ya miƙa masa cokali. Tela ya ƙwanƙwasa amya, ya yi sallama. Shiru. Sai ya zura kai ya leƙa.

Jama'a, ba a amsa sallamar da baki ba. Suruki, dattijon da ke tafiya da sanda, ranar ya haura katanga bai taɓa ta ba.

Da yamma tela na zaune, leɓɓansa kamar an hura salka, ido ɗaya ya rufe. Suruki ya leƙo ta ƙofa, yana dafe da ƙeya.

"Ina zumata?"

Tela ya ce, "Mmm."

Matar ta ce, "Baba, a yi masa haƙuri. Shekara goma yana cika baki, sai yau bakin ya cika."