Ranar da Bitirut Ya Sa Na Bar Wasiyya

Da likita ya ce jinina ya fara hawa, sai na yanke shawarar yi wa kaina magani. Na gani a waya cewa bitirut, wani jan abu mai siffar albasa, yana saukar da jini. Na ciko leda a kasuwar Wuse, na markaɗa, na kwankwaɗi kofi bayan kofi. Matata Hajara ta ce, "Abban Sadik, ka dai bi a hankali." Na ce mata ni fa sai da na yi bincike.

Da la'asar na shiga banɗaki, na ga fitsarina jajawur. Na sake tambayar wayar, ta ce ko ciwon ƙoda ne ko cutar kansa. Don kada Hajara ta ruɗe, ban gaya mata ba. Sai na tura saƙon murya a zauren danginmu, ina neman yafiyar kowa, har na bar wa Yaya Sani amanar yarana. Daga bakinsa Hajara ta ji, ta ja ni asibiti. Kafin mu fita daga unguwarmu ta Lugbe, Hajiyarmu ta riga ta hau mota daga Zariya tana kuka.

Likita ya duba ni, ya ce, "Oga, me ka sha yau?" Hajara ce ta amsa masa. Ya ce launin bitirut ne kawai yake fita, gobe zai wuce.

Ya kuwa wuce. Amma har yau in na yi sallama a gida, Yaya Sani sai ya ce, "Ku shimfiɗa tabarma, marigayi ya iso."