Ranar Da Na Ceci Madam Daga Mahaifinta

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Talata a shekarata ta biyu a Bronx, can ƙasar Turawa, lokacin ina aikin kula da tsofaffi. An tura ni wajen wata tsohuwa Bafaransa, Madam Odil, a wani tsohon bene kusa da babban titin Concourse, saboda ni 'yar Maraɗi ce, ina jin Faransanci. Ta haura tamanin da biyar, a keken guragu take wuni, yatsunta sun kanannaɗe har cokali sai na riƙe mata.

A falonta akwai wani ƙaton baƙin fiyano, a kansa hoton dattijo mai gemu, idanunsa na bin mutum duk inda ya juya. Mahaifinta ne. Kullum sai na sha labarinsa: shekara arba'in yana kiɗa a wani coci a Paris, yana tsara nasa kiɗan a takarda, ba a san darajarsa sosai ba sai bayan ƙasa ta rufe masa ido. Kiɗan da ya fi tsuma ta shi ne wanda ya tsara wa mahaifiyarta, da ta rasu wajen haihuwarta.

"Duk shekara, ranar da ya rasu, yakan kaɗa mini shi," in ji ta.

Na ce, "To, Madam." (A aikinmu ba a gardama da tsufa.)

Ran nan da la'asar gari ya yi duhun dusar ƙanƙara. Ina kicin ina dama mata miya sai na ji kiɗa a hankali, mai sanyi, kamar mutum na tafiya da sanɗa. Mu biyu ne kawai a gidan. Na leƙo da ludayi a hannu.

Madam tana can jikin taga, idonta a rufe. Kujerar fiyano ba kowa. Amma maɓallan suna nutsewa suna tasowa ɗaya bayan ɗaya, ka rantse yatsu ne a kansu. Can kiɗan ya ɗan tsaya, kamar mai shi ya ja numfashi, sannan ya ci gaba.

"Zainabu, yi shiru," ta ce, ba ta ko buɗe ido ba. "Baba ne."

Na kama Ayatul Kursiyyu, na tsinci kaina a tsakiyar addu'ar cin abinci. Ƙafata ta ce gudu, amma in na bar ta ita kaɗai aikina ya tafi, kuma Allah zai tambaye ni. Sai na fizgi kekenta na yi waje da ita, ba hula ba bargo, tana ta faɗa ina ta turawa. Ko a cikin lif ina jin kiɗan yana biyo mu.

A ƙasa muka yi kiciɓis da mai kula da benen, Malam Isaka mutumin Kumasi, tare da 'yar Madam da wasu ɗaliban kiɗa huɗu da ta gayyato, riƙe da furanni don tunawa da rasuwar dattijon. Na tare su da ludayi.

"Kada wanda ya hau. Mamacin ya dawo, yana sama yana kiɗa."

(Da Faransanci na faɗa, sannan na maimaita da Turanci don kada wani ya rasa.)

Malam Isaka ya ce, "Hajiya, wane mamacin?"

'Yar Madam ce ta kama hannuna muka koma sama gaba ɗaya. Ta jawo wani aljihun tebur a ƙarƙashin fiyanon, ta nuna mini naɗaɗɗiyar takarda mai huji-huji tana juyawa. Tun yana da rai wani kamfani ya ɗauki kiɗansa a kanta, har da nauyin yatsunsa da inda yake jinkirtawa. Maɓallin lantarki ɗaya ake dannawa, ko da gwiwar hannu, yadda Madam ta yi kafin ta koma taga.

Ɗaliban suka yi ta kallon silin suna cije leɓe. Madam kuwa ta yi dariya har da hawaye, ta ce shekara saba'in ba a sami wanda kiɗan Baba ya taɓa kamar ni ba. Aka sake kunnawa, na zauna na saurara har ƙarshe, kusa da ƙofa.

Kafin Juma'a labari ya zagaye unguwarmu ta Morrisania. Abin da na koya shi ne: in za ki ji tsoro, ji abinki da harshe ɗaya, kuma ki fara duba ko abin yana da wayar lantarki a bango.