Yadda Za Ki Sayi Hedifon Mai Arha Ba Tare da An Kai Ƙararki Gida Ba

'Yar'uwa, in kina da kwamfuta a falo, da jaririyar da ko cokali ya faɗi sai ta farka, da maƙwabtan da ke jin atishawarki ta bango, to wannan takarda taki ce. Ki bi ta daki-daki. Na lamunce miki hedifon mai laushi wanda kuɗin cefanen kwana biyu zai saya, ki sha kiɗanki ke kaɗai, aurenki kuma yana nan daram. Ban taɓa kwance rediyo ba, amma na yi goyo biyu, kuma gida ɗaya muke haya da Kausara a nan Salaga, wadda hedifon ya kusa sa surukarta ta kai ƙararta wurin mahaifinta. Wannan ya isa a kira ni gwana.

1. Ki je da ɗankwalinki

Masu ƙera hedifon ba su san da zaman ɗankwali ba, kan mai sanƙo suka auna. Don haka kada ki aiki maigida. Zai gwada a kansa ya ce daidai ne, ke kuma ki sa ya tsaya miki can sama kamar gammo. Ki je da ƙafarki, da irin ɗaurin da kike yi a gida, ki ja hannayensa su buɗe har ƙarshe. In bai sauko ya rufe kunne duka ba, ki ajiye, ko mai shago ya rantse miki zai saki. Takalmi ne ke saki.

2. Ki zaɓi ranar kitso

Ranar da aka yi miki sabon kitso, kai na zogi, ko gira ba kya iya ɗagawa, ita ce ranar gwaji. Wanda kika jure minti biyar a ranar, za ki jure shi shekara. Kada kuma ki cire 'yan kunne don ki faranta masa. Shi zai zauna da ke, ba ke za ki zauna da shi ba.

3. Ki latsa soson kunnen

Iri biyu ne: mai yadi, da mai sheƙi kamar fata. Mai sheƙin ya fi kyau a kwali. Amma ki tuna zafin watan Maris. Minti goma gumi ya cika miki kunne, wata uku ya fara ɓarewa, baƙin ɓurɓushi na zuba ko'ina. Ke kin san inda duk wani ɓurɓushi ke ƙarewa a gidan mai rarrafe: baki. Ki ɗauki mai yadi, ana cire shi a wanke.

4. Igiya

Marar igiya sai da caji, kuma kin san halin wutarmu. Ki sayi mai igiya, amma ki zura ta ta cikin riga ta gaba, don wanda ke bayanki ba shi da aiki sai ja. Kada ki taɓa ɗora wa yaro a kunne wai don a yi dariya. Kunnen nan ɗanye ne.

5. Ki ji tsoron kalmar “ba za ki ji komai ba”

Duk matakan can huɗu Kausara ta bi su. A nan ta zame.

Sidiku mai shagon kayan waya ne ya zaro mata wani baƙi mai kauri daga ƙarƙashin tebur. “Amarya, wannan jiya ya sauka daga Bawku. In kin sa shi, ko motar doya ta kife a ƙofar gidanki ba za ki ji ba.”

“Sidiku, 'yata har ta fara rarrafe kana ce mini amarya? Rage mini dai.”

“In rage miki in ci me, kwalin? Gwada tukuna, sai mu yi faɗan.”

Ta sa. Kasuwa ta ɗauke ɗif. Ga bakin Sidiku na motsi, ga mai babur na wucewa, babu ko ƙis. Wata goma sha ɗaya rabonta da shiru irin wannan, tun ranar da ta haifi Munawara. Ko faɗan ba a yi ba, ta biya.

Ga abin da ya kamata ta yi. Ki je da ƙawa. Ki sa hedifon, a kunna kiɗa, ita kuma ta koma bayanki taku biyar ta yi sallama da muryar tsohuwar da ta sha hanya. Kin ji, ki saya. Ba ki ji ba, ki gode wa mai shago ki kama gabanki.

6. Ki juya teburin kwamfutar ya kalli ƙofa

Na Kausara bango yake kallo. Ran wata Alhamis da hantsi ta goya Munawara, don ko ta motsa ta ji a jikinta, ta ɗora faranti a cinya tana ɓarar agushi, ta kunna kiɗan goge. A ganinta ta toshe kowace kafa.

Ashe Mma Asiatu, mahaifiyar mijinta Mukaila, ta taso daga Yendi tun asuba ba sanarwa, da ƙullin daddawa da man kaɗanya na jikarta. Ta tsaya a bakin labule ta yi sallama. Shiru. Ta sake. Ta yi ta uku, har ta ɗaga labulen kaɗan. Ga surukarta zaune ta ba ta baya, tana kaɗa kai dama da hagu. Babba ba ya sallama ta huɗu. Mma ta dire kayan a ƙofa ta koma tasha.

Da la'asar Mukaila ya shigo, ko takalmi bai cire ba, ya hau zayyana mata abin da Mma ta faɗa masa a waya.

“Baban Munawara, wallahi ban ji ba!”

“Ta ce kin ji, har kai kika kaɗa mata. Ta ce ƙafarta ta bar gidan nan, kuma ran Asabar za ta aika wa babanki ya zo ya ji tarbiyyar da ya ba ki.”

Kausara ta dubi man kaɗanyar da rana ta narkar a ƙofa.

7. In ta riga ta faru, kada ki ba da haƙuri ta waya

Ki nemi busasshen kifin garin Makango mai kyau, da goro, ki saɓa 'yarki, ki sa mijinki gaba. Hedifon ma ki tafi da shi, shi ne shaidarki.

Haka suka yi ran Juma'a. Kausara ta durƙusa a tsakar gida. “Mma, ina wuni?”

“Wa ke magana? Ni ma yau ba na ji.”

“Mma, don Allah ki sa wannan a kunne, ki ga abin da ya same ni.”

“Ni? Kin ga na yi kama da direban jirgin sama?”

Munawara ce ta rarrafa ta haye cinyar kakarta, fuskar Mma ta ɗan saki. Kausara ta lallaɓa ta ɗora mata hedifon a kan mayafi, ta jona a waya, ta kunna gogen nan. Mukaila ya koma bakin ƙofa ya rangaɗa sallama. Ya sake, ya sake, har kaji suka watse. Mma kuwa ta lumshe ido, kai na tafiya dama da hagu, babban yatsan ƙafa na taya shi.

Can ta buɗe ido ta zare abin. “Kai kuma lafiya kake ta buɗe baki kamar tarwaɗa?”

“Sallama nake yi, Mma. Sau biyar.”

“Ƙarya kake.”

“Tambayi maƙwabta.”

Mma ta juya hedifon a hannu, ta dubi Kausara da har yanzu gwiwarta ke ƙasa. “Tashi, 'yata. Ba wanda za a aika ko'ina.” Ta ɗan saurara, injin niƙan bayan gidanta na ta ruri kamar kullum. “Amma wannan abu ba na mai goyo ba ne. Haɗari ne. A bar shi nan wurina, in adana.”

Kausara ta dawo Salaga da aurenta, ba hedifon.

Sanarwa

Ni dai shawara na bayar, ban riƙe hannun kowa na kai shi shago ba. In kin bi matakan nan kunne ya yi zafi, ko miya ta ƙone, ko taki surukar ba ta son goge, ban san ki ba, ba ki san ni ba, kada ki kawo mini ƙara ina shanya. Wanda kuma zai je gaida Mma Asiatu a Yendi, ya shige kawai ya taɓa kafaɗarta. In ya tsaya a ƙofa yana sallama, sai dai kaji su amsa masa.